Hali, Gado da Fasaha: Nazarin Saɓani a Karin Maganar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki littafin karin maganar Hausa ya bi shi daki-daki, ba zai yi nisa ba zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. A wannan shafi zai tarar an ce "hali zanen dutse", a wancan kuma an ce "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Nan an ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", can an ce "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Bakin da ya ce "mai nema yana tare da samu", shi ne kuma ya ce "zafin nema ba ya kawo samu". Ɗalibi mai kaifin basira yakan tambayi malaminsa wanne ne gaskiya daga ciki, sau da yawa kuwa amsar da yake samu ba ta wuce "haka magabata suka ce" ba.

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin da karin magana Bahaushe yake yanke wa ɗan'uwansa hukunci. Da shi ake ba da aure ko a hana, da shi ake ɗaukar yaro koyon sana'a ko a sallame shi, da shi kuma malami yake sa rai ga ɗalibi ko ya fid da tsammani daga gare shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa saɓanin da ake gani ya samo asali ne daga raba karin magana da muhallinsa, kuma hikimar Bahaushe game da ɗan Adam tana cikin sanin wanda za a faɗa wa magana da lokacin da za a faɗe ta. Za a duba wannan ta fuskoki uku, watau hali, da gadon sana'a, da rabo.

2.0 Yadda Karin Magana Ya Shiga Littafi

Tattara karin maganar Hausa a rubutun boko ya daɗe. Kyaftin G. Merrick ya buga nasa tarin a Landan a 1905. A 1913 R. S. Rattray ya fitar da littafi mai juzu'i biyu na tatsuniyoyi da al'adu da karin magana, waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 cike yake da karin magana a matsayin misalai. C. E. J. Whitting ya buga na Hausa da na Fulfulde a Legas a 1940, A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da guda 500 a cikin Hausa Ba Dabo Ba Ne a 1966, sannan Yusufu Yunusa ya wallafa Hausa a Dunƙule a 1977.

Waɗannan ayyuka sun tsare wa harshe dukiya mai yawa, ba kuwa wanda zai yi musun haka. Sai dai tsarin littafi yana tilasta a jera karin magana bi da bi, ko dai bisa haruffa ko bisa jigo, kowanne da fassararsa ko taƙaitaccen bayaninsa. Abin da shafi ba ya iya ɗauka shi ne zauren da aka yi maganar, da shekarun mai faɗa, da dangantakarsa da mai saurare, da abin da ya faru kafin a buɗe baki. Idan aka cire waɗannan, karin maganganu biyu da ba su taɓa haɗuwa a zance guda ba sai su wayi gari suna maƙwabtaka a takarda, mai karatu ya ga kamar suna ƙaryata juna.

3.0 Kalmar "Hali"

Kafin a shiga misalai, ya kamata a tsaya a kan kalmar da ta fi kowace yawo a wannan fage. "Hali" aro ce daga Larabci, kuma tushenta a can yana ɗauke da ma'anar juyawa da sauyawa. A Hausa ta yi rassa aƙalla uku:

(a) ɗabi'ar mutum, kamar a "yana da halin kirki";
(b) yanayin da ake ciki, kamar a "halin da gari yake ciki";
(c) iko ko wadata, kamar a "in da hali" da "mai hali ne".

Ma'ana ta biyu da ta uku duka abubuwa ne masu zuwa su wuce. Ta farko ce kaɗai aka kamanta da zane a kan dutse. Ke nan kalmar da Bahaushe ya zaɓa don abin da ba ya kankaruwa, ita ce kuma yake amfani da ita ga abin da ba ya ɗorewa. "Ɗabi'a" kuwa, wadda ita ma daga Larabci take, tushenta ɗaya da "ɗab'i", watau buga alama a jikin abu. Tun daga kalmomin kansu ana iya ganin cewa tunanin Bahaushe game da ɗan Adam yana kai da komo tsakanin abin da aka buga ya zauna da abin da yake juyawa.

Darajar hali ba a ja-in-ja a kanta. "In da hali muni kyau ne, in ba hali kyau muni ne." A laccar da Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1973, wadda aka buga a 1974, ya lissafa siffofi 10 na mutumin kirki a wurin Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da iyaye ba sa wahalar cusa wa 'ya'yansu. Al'ummar da ta yarda cewa hali ba ya taɓuwa ko kaɗan ba za ta ɓata lokacinta a kan tarbiyya ba.

4.0 Zanen Dutse da Ɗanyen Icce

Hanya mafi sauƙi ta warware saɓanin ita ce a yi wa kowane karin magana tambayoyi uku: wa ke faɗarsa, wa ake faɗa wa, a kan wa ake magana? Ga misalai:

(1) Hali zanen dutse.
(2) Mai hali ba ya fasa halinsa.
(3) Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
(4) Zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai.
(5) Wuya makarantar kare.

Misali na (1) da na (2) a kan babban mutum ake faɗarsu, bayan ya maimaita abin da aka riga aka san shi da shi, kuma galibi wanda aka cuta ake faɗa wa. Alal misali, ɗan kasuwa ya ba wani bashi karo na biyu, aka sake riƙe masa, ya zo yana kuka a gaban yayansa. In yayan ya ce masa "hali zanen dutse", abu biyu yake yi: yana lallashinsa, yana kuma ja masa kunne kada ya koma karo na uku. Haka gwaggo take faɗa wa 'yar ɗan'uwanta da ta kawo ƙarar rowar miji bayan shekara ashirin da aure, don ta daina jiran abin da ba zai zo ba ta nemi dabarar zama.

Misali na (3) kuwa iyaye da malamai ake faɗa wa, a kan yaro. Na (4) saurayi ko budurwa ake ja wa kunne da shi game da abokai, yana kuwa tabbatar da cewa hali abu ne da ake kwasa a wurin zama, kamar yadda garin kanwa yake sauka a kan wanda ya raɓi mai ɗauke da ita. Idan aka lura sosai, na (3) bai saɓa wa na (1) ba, ya ma gaskata shi ne, domin kalmar "tun" tana nuna cewa akwai ranar da iccen zai bushe, a ranar kuwa in an matsa masa karyewa zai yi. Ashe karin maganganun sun raba rayuwar mutum ne zango-zango: akwai lokacin tanƙwarawa, akwai lokacin kwasar hali daga abokai, akwai lokacin da sai dai a yi haƙuri da mutum yadda yake.

Duk da haka, Bahaushe bai rufe wa babba ƙofa ruf ba. Na (5) yana nuna cewa abin da nasiha ta kasa, wahala tana iya yi. Haka ma "in ba ka ji bari ba, ka ji hoho", da "jiki magayi", wanda John Tafida da R. M. East suka sa wa littafinsu suna da shi. A fagen karatu kuma an ce "gemu ba ya hana ilimi". Abin da ake nufi shi ne, sauya babba yana yiwuwa, amma da tsada, kuma duniya ce take karɓar kuɗin makarantar.

Akwai kuma wani rukuni da yake taka wa mai hukunci kansa birki. "Mutum tara yake bai cika goma ba." "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." "Gwano ba ya jin warin jikinsa." Waɗannan su ake mayar wa wanda ya cika zaƙewa wajen karanta halin mutane. In ya ce "labarin zuciya a tambayi fuska", sai a tuna masa cewa "haƙorin dariya shi ke cizo".

5.0 Gado da Haye

Fuska ta biyu ta shafi fasaha, watau daga ina gwaninta take zuwa. A tsarin gargajiya sana'a gado ce: ɗan maƙeri yana tashi da zuga-zugi a hannu, ɗan marini a bakin karofi, ɗan mahauci a mahauta. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a 1959 cewa Hausawa suna bambanta "karda", sana'ar da aka gada, da "shigege", wadda mutum ya shiga da kansa, kuma ta farko ta fi daraja a idon jama'a. A wurare da yawa "haye" ake ce wa ta biyu. Karin maganganun da suke goyon bayan gado sanannu ne:

(6) Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
(7) Kyan ɗa ya gaji ubansa.
(8) Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Dalilin wannan ra'ayi a fili yake. Sana'ar hannu ba a littafi take ba. Sanin lokacin da ƙarfe ya yi jan da za a ɗora shi a kan uwar maƙera, ko lokacin da baba ya nuna a cikin karofi, ko yawan ruwan da ƙasar tubali take so, duka a ido da hannu suke, shekaru kuwa ake yi ana kallon babba kafin a same su. Wanda aka haifa a gidan ya riga ɗan haye fara karatu da shekara goma ko fiye.

Amma harshen da ya yabi gado shi ne ya tanadi amsarsa:

(9) Albasa ba ta yi halin ruwa ba.
(10) Kowane gauta ja ne, sai in bai sha rana ba.
(11) Karen bana shi ke maganin zomon bana.

Na (9) yana shaida cewa ɗa yana iya fita daban da abin da ya raine shi. Na (10) ya fi zurfi, domin yana cewa iyawa tana jikin kowa, dama ce take bambanta mutane. Na (11) kuwa izini ne ga sabon hannu: matsalar yau sai mutumin yau.

Tarihi ya gaskata ɓangarorin biyu. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846). Kayan aikinsa su ne na kowane magini, ƙasa da azara, amma bakan gizon da ya ɗaura da faɗin ɗakunan da ya rufe sun sa har yau masana gine-gine suna nazarin aikin. Zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe sana'ar gini bayansa. A ɗaya ɓangaren akwai Alhaji Mamman Shata na Musawa, wanda bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga waƙa ba, amma ya zama mawaƙin da babu lungun ƙasar Hausa da muryarsa ba ta shiga ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Duk wanda ya auna Shata yana saurayi da ma'aunin misali na (7) kaɗai, da ya ce ɓatacce ne.

Abubakar Imam ya nuna wata hanya ta uku. Da yawa daga cikin labaran Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, an san asalinsu a Alfu Laila wa Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai. Imam ya ɗauko su ya sa musu sunaye da garuruwa da raha irin na Hausawa, har mai karatu ba ya jin baƙunta a cikinsu. Wannan ya dace da yadda Bahaushe yake kallon ƙirƙira: "daga na gaba ake gane zurfin ruwa", amma kowa da ƙafarsa yake tsallakawa. Gwani a wurinsa shi ne wanda ya karɓi abin da ya tarar, ya mallake shi, ya ƙara masa abin da za a riƙa tunawa da shi.

6.0 Nema da Rabo

Fuska ta uku ita ce alaƙar ƙoƙari da sakamako. A nan ma jeri biyu ne. Na farko: "mai nema yana tare da samu", "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe", "ba a fafe gora ranar tafiya". Na biyu: "zafin nema ba ya kawo samu", "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba".

Wasu masu nazari sun ɗauki jeri na biyu hujjar cewa Bahaushe mutum ne mai miƙa wuya ga ƙaddara ya naɗe hannu. Wannan fahimta ta manta da lokacin da ake faɗar kowanne. Jeri na farko kafin aiki ake faɗarsa, ga malalaci ko mai jinkiri: manomin da bai gyara gona ba ga damina ta ƙarato, ko ɗalibin da bai buɗe littafi ba ga jarrabawa ta zo. Jeri na biyu kuwa ana faɗarsa ne ga wanda ya yi iyakar yinsa bai samu ba, don kada baƙin ciki ya kashe shi, ko ga wanda kwaɗayi yake neman kai shi ga haram. Dattijo ɗaya yana iya faɗa wa ɗansa na farko da safe, ya faɗa masa na biyu da dare, bai kuwa yi tufka da warwara ba. Likitan da ya ba mai zazzaɓi magani daban ya ba mai sanyi daban, ba a cewa ya saɓa wa kansa.

7.0 Fasahar Mai Magana

Daga abin da ya gabata za a gane cewa fasaha ba ta ƙare a ranar da aka ƙagi karin magana ba. Kowane mai amfani da shi yana sabunta ta, domin shi ne yake zaɓen wanda ya dace daga cikin ɗaruruwa, a cikin ƙiftawar ido, a gaban mutane. Shi ya sa ake yaba wa mutum da cewa "ya iya magana", ko da kuwa kowa a wurin ya san karin maganar da ya kawo. Sau da yawa ma rabi yake faɗa, kamar "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", ya yi shiru, ya bar mai saurare ya ƙarasa wa kansa.

Bugu da ƙari, rumbun bai taɓa rufuwa ba. Tsarin nan mai sassa biyu, inda ake kawo furuci sannan a kawo wanda ya yi shi ko halin da aka yi shi, ƙofa ce a buɗe ga kowane zamani:

(12) Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.
(13) Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.
(14) Sabon salo, kiran salla da usur.

Na (12) na duniyar fatake da ayari ne. Na (13) ya riƙe kan maganar ya sauya wutsiyarta, kuma ba zai girmi zuwan aikin ɗan sanda ƙasar Hausa ba. "Usur" na misali na (14) aro ne daga Ingilishi, haka ma "kwabo" na sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939. Marubuta ma ba su daina ɗiba daga rumbun ba: Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta na 1990 suna Alhaki Kuykuyo Ne. Wanda ya ƙagi na (13) ba a san sunansa ba, amma aikin da ya yi iri ɗaya ne da na Babban Gwani da na Imam, watau ya tarar da tsari, ya zuba masa sabon abu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa karin maganganun da suke kama da masu karo da juna a kan hali da gado da rabo, kowannensu yana da mutumin da ake faɗa wa da lokacin da ake faɗarsa. Wannan yana da amfani ga masu bincike da masu koyarwa baki ɗaya. Mai tattara karin magana a yau, da yake na'urar ɗaukar murya tana aljihun kowa, ba shi da uzurin kawo jimla tsirara: ya kamata ya rubuta wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ya jawo maganar, da amsar da aka mayar. Mai nazarin tunanin Hausawa kuma bai kamata ya gina hukunci a kan karin magana guda ba sai ya nemo abokin tafiyarsa.

A aji kuwa, haddace jerin karin magana da ma'ana ɗaya-ɗaya yana iya cin jarrabawa, amma ba ya koya wa yaro magana. Zai fi amfani a ba ɗalibai wani lamari, kamar yaron da aka kama da sata karo na farko, ko ɗan maƙerin da ya ce shi ɗinki yake so, a ce kowa ya kawo karin maganar da zai faɗa, da wanda zai faɗa wa, da dalilinsa. Malamin kansa shi ya fi kowa bukatar wannan horo, domin a gabansa ɗanyen icce yake. Ranar da ya dubi yaro ɗan shekara goma ya ce "hali zanen dutse", karin maganar da ya kawo gaskiya ne, amma ya aza shi a kan wanda ba nasa ba, yaron kuwa shi zai ɗauki nauyin wannan kuskure.